Minti Talatin da Shida da Suka Ɓata

Ranar Talata aka buɗe akwatin sanyi a wancan filin jirgin, na garin da jirginmu ke zuwa, aka tarar da yashi.

Kwalba arba'in na maganin sarar maciji ya kamata a gani a ciki. Asibitin can ya yi kwana goma yana jiransu, ga damina ta sauka, macizai sun cika gonaki. Kafin la'asar wani manomi da aka kwantar tun safe ya cika. Ƙanen wani direban tasi ne da ke jiran fasinja a ƙofar filinmu.

Yayana shi ne mai lodi, shi ya sa akwatin a jirgi. Da labari ya zo ta waya, direbobi suka tare shi a bakin ƙofa, suka kayar da shi, suka tattaka hannunsa na dama har ya karye wuri biyu. Ina can cikin gari ina haya da babur. Kafin in iso Sajan, ɗan sandan filin, ya ƙwace shi ya kulle, ya ce ranar Juma'a kotu, daga can gidan yari.

Filinmu ƙarami ne: titin jirgi ɗaya, ɗakin jira mai benci shida, rumbun mai, ɗakin rediyo. Jirgi ɗaya ne ke zuwa wancan filin ya dawo, Talata da Alhamis. Kilomita ɗari biyu da goma ne, minti hamsin a sama. A mota awa tara ne, don sai an zaga duwatsu an jira fito a kogi. Ranar nan babu fasinja, kaya ne kawai da matuƙi.

Ni ban yi nisa a makaranta ba. Na yi facin taya, na bari. Na yi gini, na bari. Yaya ne ke riƙe da gidanmu da wannan hannun. Abin da ya rage mini daga zamanin faci shi ne ƙarfen cire taya, shi na ɗauko na soke a wando.

*

Na sami Yaya zaune a ƙasa a bayan kanta a ofishin Sajan, an ɗaure hannun da tsinken kwali da tsumma.

"Na sa shi da nauyinsa da hatiminsa," in ji shi. "Ban ko leƙa ba."

"Wa ya ce kai ne?"

"Mai Sikeli ya ce ya ga na zaga bayan rumbun mai da abu a kafaɗa."

Muna cikin magana Kyaftin ya shigo, matuƙin jirgin. Kowa na son Kyaftin. Yakan ɗauki wasiƙar tsofaffi kyauta, yakan kira Yaya "Manjan Lodi". Ya ajiye ledar lemo da ƙwayar rage zafi, ya dafa kafaɗata.

"Allah ya tona asirin wanda ya yi wannan," in ji shi.

Na ce amin da ƙarfi. Har na gode masa.

*

Da safe na laɓe a bayan rumfar sikeli ina jiran Mai Sikeli ya zo ya buɗe. Ban ji zuwan kowa ba, sai murya a bayana.

"Gaggawa, sawunka ya zo nan sau uku ya koma. Ƙafar dama ta fi nutsewa. Me ka sa a wandon?"

Baba Mai Sawu ne. A da maharbi ne, yanzu shekara ashirin da biyu yana taka titin jirgi kowace safiya, yana korar awaki da karnuka, yana tsince ƙusa da tsakuwa. Babu mai aiki a filin da bai san sawunsa ba. Shi ya laƙaba mini Gaggawa tun ina kawo wa Yaya abinci.

"Hannu ɗaya nake so, Baba. Na dama."

"Na wa?"

"Na wanda ya yi ƙarya."

"Ka tabbata ƙarya ya yi?"



"Ka ba ni yau da gobe," in ji shi. "In ban nuna maka mutumin ba, ba zan ƙara tsayawa a gabanka ba. Ƙarfen kuma ka riƙe abinka, ni ba na karɓar kayan mutane. Amma kai za ka goya ni, gwiwoyina sun gaji."

Da Mai Sikeli ya zo ya gan ni, sai ya ja baya ya sa tebur tsakaninmu.

"Abin da na gani na faɗa. Na auna akwatin, na ɗaura hatimi mai lamba, na miƙa masa. Can na hango shi ya zaga bayan rumbu da abu a kafaɗa. In ce ban gani ba?"

"Kun yi faɗa makon jiya," na ce.

"Mun yi. A kan tsintsiya. Kai kana sa a ɗaure mutum a kan tsintsiya?"

Baba ya nufi bayan rumbun man, muka bi shi. Ya tsuguna ya daɗe yana duban ƙasa, kwana biyu ba a yi ruwa ba, komai na nan.

"Wannan sawun yayanka ne. Ya tafi da nauyi, ya dawo ba nauyi."

Mai Sikeli ya dube ni, ya kau da kai.

"Nauyin yana rinjayar da shi hagu da dama," in ji Baba. "Akwati ba ya haka. Za mu bi shi, amma in fara ganin yashin nan."

*

Akwatin ya dawo tare da jirgin, yana ƙarƙashin teburin Sajan. Baba ya ɗebi yashin ya murza a tafin hannu, ya shinshina.

"Me za ka gani a ciki, Baba?" in ji Sajan. "Ƙasa ai ƙasa ce."

"Ta filinmu ja ce. Wannan fara ce, ga ɓawon ƙananan katantanwa a ciki. Ta bakin kogi ce."

"Masu gini na kawo yashin kogi har cikin gari. Ko ƙanensa ma ya yi gini."

Ya faɗi haka yana kallona. Na ji ƙarfen yana ƙona mini cinya.

Daga nan muka hau ɗakin rediyo. Mai Rediyo ya buɗe littafinsa yana hamma. Talata: tashi ƙarfe tara, sauka tara da minti hamsin. Baba ba ya karatu, ni ya sa na duba baya. Alhamis, tara da tara da hamsin. Talatar da ta wuce, haka. Wata uku, haka.

"Kullum?" in ji Baba.

"Haka jadawali ya ce."

"Har ranar da akuya ta shiga titi muka yi rabin awa muna binta?"

Mai Rediyo ya sosa ƙeya. "Baba, gaskiya da na zo da safe nake cikewa, kada in manta. Abokin aikina na can ma haka yake yi. Wa ke dubawa?"

"Ranar Talata ƙarfe nawa ya tashi?"

"Bayan tara dai."

"Ƙarfe nawa ya sauka?"

"Ai ba a nan ya sauka ba."

A kan matakala Baba ya ce, "Ka ga, na nan ya san tashi, na can ya san sauka. In jirgi ya makara a can, sai su ce bai tashi da wuri ba ne. Babu wanda ke riƙe da bakin igiyar biyu."

*

Sawun Yaya ya kai mu har rumfar Inna mai abinci, a bayan shinge. Tana ganina ta fara share ido da gefen zane.

"Wane akwati kuma? Jarkar ruwana ce ya ɗauko mini, kamar kullum. Na je na faɗa wa Sajan, ya ce tsohuwa ta koma kan tukunyarta."

Ta zuba mana shayi. Ba ta iya shiru ba, Inna, ko a zaman makoki.

"Ranar nan tun safe ba ta zo da alheri ba. Har da ƙanwata muka yi faɗa, ba ta ɗaga wayata har yau."

"A kan me?" in ji Baba.

"A kan shinkafa. Ka san ita ke sayar da abinci a wancan filin. Shekara tara, da jirgi ya ɗaga ƙafa sai in kira ta in ce ya tashi, ɗora. Tana ɗorawa, ta dahu, ta sauke ta turara, jirgi na sauka. Masu jiran kaya da masu lodi su ci da zafinta. To ranar nan ta kira ni tana zagina, wai na tsufa na fara ganin jirgi a mafarki, shinkafarta ta huce ta sandare kafin ya iso. Ni da na ga tashinsa da idona."

Baba ya ajiye kofin a hankali.

"Gaggawa, duba mata wayar."

Wayar ƙarama ce mai maɓalli, an ɗaure ta da roba. Kiran Inna ya fita ƙarfe tara da minti goma sha biyu. Kiran ƙanwarta ya shigo goma da minti talatin da takwas.

"Lokacin da ta kira, jirgin ya daɗe da sauka?"

"Ina. Tana zagina ina jin ƙararsa a bayanta."

Lissafi ne kaɗai abin da na iya a makaranta. "Minti tamanin da shida," na ce. "Akwai talatin da shida da suka ɓata."

"Jirgi ba babur ba ne," in ji Baba, "ba ya tsayawa a hanya mai shi ya kama ruwa. In ya daɗe haka, ƙasa ya taɓa." Ya juya wajen Inna. "Gobe in ya tashi, ki kira ta kamar kullum. In ba ta ɗauka ba ki yi ta kira. Ki ce in ya sauka ta kira ki, ko da zagi ne."

*

Washegari muka fita bayan sallar asuba. Awa uku muka yi a hanyar shanu, Baba na bayana yana nuna hanya da haɓa. Ya ce tsakanin filayen biyu wuri ɗaya ne shimfiɗaɗɗe da zai ishi jirgi: tsohon titin wani kamfanin auduga da ya daɗe da rufewa, a bakin kogi. Can yake harbin zabi da ƙuruciya.

Ciyawa ta rufe wurin, amma ko ni na gani. Layi uku ne na tayoyin jirgi a kwance cikin ciyawar, dogaye, har inda suka yi gwiwa suka juyo. Baba ya sauka ya hana ni matsowa.

"Nan ya tsaya. Nan wani ya jira shi da babur, ya daɗe, ya sha sigari huɗu. Nan aka ɗebi yashi da hannu." Ya nuna wani rami kamar kwano. Sannan ya tsaya a kan wani sawu.

"Na wa ne?"

"Shekara uku ina ganinsa kowace Talata da Alhamis. Ƙafar hagu tana buɗewa waje, dunduniyar takalmin ta cinye ta gefe ɗaya."

Ya sa sanda ya tono wani abu daga cikin ciyawa. Hatimin roba ne, shuɗi, an yanke shi da wuƙa.

Na tuna ledar lemo. Na tuna amin ɗin da na ce. Na tayar da babur tun Baba bai gama hawa ba.

"In ka kashe mu a hanya," in ji shi a kunnena, "gobe yayanka na kotu, Kyaftin kuma ya ci gaba da tashinsa."

Na rage gudu, amma kaɗan.

*

Jirgin ya dawo bayan azahar. Baba ya sa Sajan ya tara kowa a ɗakin jira: Mai Sikeli, Mai Rediyo, Inna, Kyaftin, da direban da ƙanensa ya rasu. Sauran direbobi suka cika tagogi. Aka kawo Yaya aka zaunar da shi a ƙarshen benci. Ni na tsaya a bakin ƙofa.

Baba ya fara da Mai Sikeli. "Gaskiya ya faɗa, ya ga abu a kafaɗa. Jarkar Inna ce." Ya juya wajen Mai Rediyo. "Littafin wannan kuma ba ya ƙarya, ba ya gaskiya. Tun kafin jirgi ya tashi ake saukar da shi a ciki."

Aka yi 'yar dariya. Kyaftin ma ya yi.

"Kyaftin, daga nan zuwa can minti nawa ne?"

"Hamsin, Baba. Har awakinka sun sani."

"Yau nawa ka yi?"

"Hamsin ɗin dai."

"Da ɗaya," in ji Inna, ta ɗaga wayarta. "Kuma shinkafa da zafinta aka ci."

Baba ya sa na karanta lokutan Talata da ƙarfi.

"Iska ce," in ji Kyaftin, bai ko motsa ba. "Na gamu da hadari na zaga shi. Baba, wannan aikin sama ne, ba bin sawun zomo ba."

"Haka ne, ban san sama ba. Ka faɗa wa rediyo ka ga hadari?"

Mai Rediyo ya girgiza kai tun ba a tambaye shi ba.

Baba ya kwance ƙullin da ke aljihunsa, ya zuba farin yashi a kan benci, ya sa Sajan ya zuba na akwatin a gefensa. Ɗaya ne, har ɓawon katantanwar. Sannan ya ajiye hatimin a tsakiya. Mai Sikeli ya ɗauka ya juya shi.

"Nawa ne. Lambar Talata ce. To wanda aka gani a jikin akwatin a can na wa ne?"

"Wa ke da hatimin ajiya ban da kai?" in ji Sajan.

"Akwai 'yan kaɗan a jirgi, saboda kayan dawowa," in ji Mai Sikeli.

"A tsohon titin auduga na tsince shi," in ji Baba. "Mai lodi ba ya tashi sama. Kyaftin, ɗaga mana takalminka na hagu. In ba shi ba ne, gobe Sajan ya je ya gwada, sawun na nan, na kifa masa ƙwarya."

Kyaftin bai ɗaga ba. Ya dubi ƙofa, ya gan ni a tsaye.

"Ban san akwai wanda ke kwance ba," in ji shi a hankali. "Da na sani..."

"Lemon fa?" na ce. "Shi ma ba ka sani ba?"

Ban san lokacin da ƙarfen ya zo hannuna ba. Sajan na can yana tare direban da ya yunƙuro. Baba bai motsa ba, ya cika alkawarinsa. Hannun Kyaftin na dama yana kan bencin, farare ƙumbunansa, da agogo. Taku biyu ne tsakaninmu.

"Kai," in ji Yaya. Bai ɗaga murya ba. "Dube ni."

Na dube shi.

"Ni ga hannu ɗaya. Kai kuma ka shiga inda na fito. Wa zai ɗebo wa tsohuwarmu ruwa?"

Na daɗe a tsaye. Sannan na je na ajiye ƙarfen a cinyarsa. Ya riƙe da hagu.

Direban ya zo ya durƙusa gabansa yana kuka, yana cewa ya yafe. Yaya ya ce Allah ya jiƙan ƙanensa, bai ƙara komai ba. Ni ban ce na yafe wa kowa ba, kuma ba a tambaye ni ba.

*

A ranar aka saki Yaya. Kyaftin ya faɗi sunan mai babur, wani mai shagon magani a wani gari, aka same shi da kwalba talatin da ɗaya. Hannun Yaya ya warke a karkace, har yau yatsun ba sa rufuwa. Ni nake lodi yanzu, kuma wannan aikin ban bari ba.

Shari'ar a can za a yi ta, inda aka yi rasuwar. Sajan ya zo cike takardar kai fursuna, ya rubuta "ta jirgi", sannan ya tsaya ya dubi alƙalaminsa. Babu mai tuƙawa. Sai mota.

Ana bukatar shaida ya bi su, Baba ya ce gwiwoyinsa ba za su iya ba. Na ce zan je.

Aka sa Kyaftin a bayan motar 'yan sanda da ankwa, na zauna ina fuskantarsa. Sajan ya laluba ni, bai sami komai ba sai waya. Muna fita ƙofar filin na saita ta ta riƙa yin ƙara duk bayan minti hamsin.

Ta farko ta same mu ko duwatsun ba mu kai ba.

"Kyaftin, mun sauka," na ce.

Ya dube ni bai gane ba. A ta biyu ya gane. A ta huɗu muna bakin kogi muna jiran fito, rana ta dafa ƙarfen motar, ya yi amai a kan takalminsa na hagu. A ta bakwai ɗan sandan da ke gefena ya daina dariya. Ban taɓa shi ba, ban zage shi ba, har ruwa na ba shi. Duk lokacin da wayar ta yi ƙara sai in gaya masa mun sauka.

A ta goma ya ɗaga hannuwansa da ankwa zai toshe kunne, ba su kai duka biyun ba.

"Don Allah ka kashe ta," in ji shi.

Na kashe. "Ai ba za ta ƙara ba," na ce. "Saura minti arba'in. Matar manomin nan ta ce a tsaya da kai a ƙofar asibiti, tana so ta tambaye ka ƙarfe nawa ka iso ranar Talata."